Goma kawai ake so

Idan aka gama yankan hatsi a Damargu, rumbuna sun cika ko sun ƙi cika, ganga ce ke fara magana. Daga ƙauyukan Gangara da Olelewa har kwarin Tarka, samari kan share fili bayan la'asar, jama'a ta kewaye, a kama kokowa. Idon kowa na kan biyun da ke tsakiya. Ni kuwa na jima ina lura da wani na uku, wanda ke tsugune a gefe, ba ya sowa, ba ya zuba wa makaɗa kuɗi, sai tauna goro yake yana duban ƙafafun yara. Shi ne mai horarwa. Galibi tsohon ɗan kokowa ne da gwiwa ta gaji, yana da gonarsa kamar kowa, kuma shi zai ce wane ya ɗaura kaya, wane ya koma gida.

Lissafin da ke gabansa ba shi da tausayi. Tun da aka fara gasar Takobin Ƙasa ta Nijar a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko, burin kowane mai ƙarfi shi ne ya shiga wannan fili. Yau jihohi 8 ke zuwa, kowacce da 'yan kokowa 10. Jihar Damagaram kuwa, wadda Damargu ke cikinta, gundumomi 10 gare ta, ban da birnin kansa. Mai son zaman lafiya sai ya ce a bai wa kowace gunduma gurbi ɗaya a huta. Ba haka ake yi ba. Belbeji, wadda sai a 2011 aka cire ta daga Tanut ta zama gunduma, tana iya samun biyu a wata shekara, a wata kuma ta tashi hannu rabbana. Yaron da ya kada kowa a Tanut sai ya yi tafiyar kusan kilomita 150 zuwa Damagaram, ya tsaya a filin da ke ɗauke da sunan tsohon ɗan kokowa Langa-Langa, a garin da har gobe ake auna sabon shiga da gwanin kokowa Balla Haruna, ya tarar ashe shi ɗaya ne cikin masu yawa.

Abin da ya fi cin ran mai horarwa shi ne iri ɗaya suke zuwa masa. Kokowar ƙauye mai afkawa take so. Wanda ya ruga ya suri abokin karawa ya maka shi da ƙasa kafin makaɗi ya gama kirari, shi 'yan mata ke yi wa guɗa, don haka kowane yaro shi yake kwaikwayo. Sai a wayi gari sansanin horo ya cika da masu zafin kai hari, ana neman mai haƙuri da fitila. A gasar Takobi kuwa, kaye ɗaya ya raba mutum da sarauta a wannan shekarar, domin waɗanda ba su taɓa shan ƙasa ba ne ke wucewa gaba. Ba a raba mutane bisa nauyi, siriri na iya haɗuwa da ƙato. Kwana da kwanaki ana kamawa, jiha bayan jiha. Wanda ya kalli yadda Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya tara takubba 6 ya san ba gaggawa ce ta ba shi ba. Saboda haka dole a rage masu afkawa, ko da cikinsu akwai wanda ya fi na goman suna a kasuwa.

Yana duba numfashi bayan an daɗe ana ja-in-ja. Yana duba yadda mutum ke sa ƙafa idan an tura shi baya, da ko yana ɓoye ciwon kafaɗa. Yana ma duba yadda yake cin tuwo da 'yan'uwa, don mai raina abokin akushi ba ya jin gyara daga gefen fili. Layu da guraye kuwa bai cika tanka musu ba, kowa da malaminsa.

Masu irin wannan aiki a ƙasashen sanyi sun fi shi sauƙi. A babbar gasar hoki ta kan ƙanƙara ta Amurka da Kanada, NHL, ƙungiya ba ta wuce mutum 23 a jerin 'yan wasanta idan kakar wasa ta fara, kuma yawanci 'yan gaba 12 ke sa kaya a wasa. Idan suka yi yawa, sai a yi musayarsu da wata ƙungiya lokacin hutu, ko a tura su ƙaramar gasa, kwantiragi na biye da su. Namu ba shi da inda zai tura kowa. Wanda ya bari, ko dai wata jiha ta zawarce shi ya dawo yana kada 'yan gida, ko ya hau mota zuwa ci-rani Libiya ko Aljeriya, ko haƙar zinariya a arewa, kamar yadda samari ke yi tun da aka gano ta a Jado a 2014. Ga kuma matsi daga sama: mai gari na son a ji sunan garinsa a rediyo, attajirin da ya sayi shinkafar sansani na da nasa yaro. A ganina a nan ake gane gwani, ba a fili ba.

Na taɓa zama kusa lokacin da wani ya kira wanda zai bari. Bai yi a gaban jama'a ba. Bayan isha'i ya ja shi bayan danga.

"Ɗana, bana ba da kai ba."

"Baba, ai ban faɗi ba."

"Ba ka faɗi ba. Amma ina da irinka huɗu, kuma ƙafarka ta hagu tana tashi idan ka ruga. Na gani, na Tawa ma za su gani."

Yaron ya daɗe yana tona ƙasa da babban yatsa. Can ya tambaya ko zai iya bin tawagar ya riƙe musu ruwa da kaya. Dattijon ya ɓare goro, ya miƙa masa rabi, ya ce ya zo da asuba a ga ko akwai wuri a mota.