Yadda Za A Duba Lafiyar Mota Da Gyaranta Cikin Aminci A Lokacin Annoba

Kamar yadda jama'a za su iya tunawa, a ranar 27 ga watan Fabrairu na shekarar 2020 ne aka tabbatar da ɓullar cutar korona a Nijeriya, a birnin Legas. Daga ranar 30 ga Maris aka rufe Legas da Ogun da Abuja, a watan Afrilu kuma dokar kulle ta iso Kano, sannan aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa ranar 1 ga Yuli. A tsawon waɗannan watanni motoci da dama sun kwana a inuwar bishiya ba a ko tayar da su ba, kuma masu su suka yi ta ɗage gyara saboda tsoron cuɗanya da mutane a gareji. Da aka buɗe hanya, sai wasu suka tarar batir ya mutu, taya ta sace, ɓeraye sun cinye wayoyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona a ranar 5 ga Mayu, 2023. Amma annoba ba ta sallama kafin ta shigo: an yi fama da kwalara a 2021, da mashaƙo a 2023, ga kuma sanƙarau da zazzaɓin Lassa da kan taso da rani. Don haka ne aka ga dacewar a yi wa jama'a, musamman mazauna karkara da shugabanninsu, bayanin yadda za a riƙa kai mota gyara ba tare da an kwaso cuta ko an kai wa wani ba.

Dalilin da ya sa ba a ɗage gyara

A ƙauyukan da ke nesa da babban asibiti, motar haya ɗaya ko motar wani bawan Allah ita ce ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare, ita ce ke kai maras lafiya gari, ita ce kuma ke fitar da amfanin gona ranar kasuwa. A lokacin annoba buƙatarta ƙaruwa take yi. Motar da birkinta bai kamawa sosai haɗari ce ga duk wanda ya shige ta, ko da annoba ko babu. Saboda haka abin da ake buƙata shi ne mai mota ya rarrabe gyaran da ba ya jira da wanda zai iya jira.

Gyaran da ba ya jira ya haɗa da na birki, da sitiyari, da taya, da fitilu, da yoyon fetur, da injin da ke yin zafi fiye da kima. Wanda zai iya jira kuwa shi ne irin fenti, da gyaran jikin da ya lotsa, da rediyo, da sauya rigar kujeru. Waɗannan a bar su sai ƙura ta lafa.

Abin da mai mota zai duba da kansa a gida

Ba kowace matsala ce sai an je gareji ba. Sau ɗaya a mako, da safe kafin a tayar da injin, mai mota ya duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da man birki, da iskar tayoyi har da safaya. Kada a kuskura a buɗe murfin lagireto injin na da zafi. Ya sa wani ya tsaya a baya, shi kuma ya taka birki ya kunna sigina, don a tabbatar duk fitilun na kamawa.

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa a matsayin wadda wa'adinta ya cika, ko da kuwa zanenta bai suɗe ba. Zurfin zanen kuma kada ya gaza milimita 1.6.

Idan dokar kulle ta tilasta ajiye mota, a riƙa tayar da ita kowane mako na kimanin minti 15, a ɗan gusa da ita gaba da baya domin kada taya ta danne a wuri guda. A yi haka a fili kawai, domin hayaƙin mota a rufaffen ɗaki na kisa ba tare da mutum ya ankara ba. Bugu da ƙari, kada a mayar da mota rumbu. Hatsi da ragowar abinci na jawo ɓeraye, su kuwa ban da cin wayoyi, wani nau'insu ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa. Idan an ga kashin ɓera a but, kada a share shi a bushe. A jiƙa shi da ruwan bilic tukuna, a kwashe da hannu cikin safa ko leda, sannan a wanke hannu da sabulu.

Kafin a tafi gareji

A fara kiran makaniki a waya, a yi masa bayanin matsalar, a tsayar da rana da lokaci, a kuma yi cinikin aiki da kayan gyara tun daga gida. Hakan na rage dogon zama a gareji. Sassafe ya fi, kafin jama'a su taru. Mutum ɗaya ya isa ya kai mota, babu buƙatar 'yan rakiya. Duk mai zazzaɓi ko tari ko ciwon maƙogwaro ya zauna a gida ya aiki wani, haka nan dattawa da masu ciwon suga ko hawan jini. Idan motar ta ɗauki wanda ake zargin yana da cutar, wajibi ne a wanke cikinta, a shanya ta a buɗe, a kuma faɗa wa makanikin gaskiya, domin shi ma yana da iyali.

A cikin gareji

A farkon korona an fi mayar da hankali kan goge ƙarfe da marfin ƙofa. Daga baya bincike ya tabbatar cewa cutar ta fi yaɗuwa ta numfashi, musamman inda mutane suka cunkushe babu iska. Garejojinmu galibi a fili suke, kuma wannan fa'ida ce babba. Inda haɗarin yake shi ne bencin jira a ƙarƙashin rumfa, da kwanon abinci da kofin ruwa da ake zagayawa da su, da kuma cikin motar kanta idan an rufe gilashi.

Don haka mai mota ya sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ya bar tazarar kimanin mita 2 tsakaninsa da mutane, ya yi gaisuwa da baki ba da musabaha ba. Idan aikin zai daɗe, ya miƙa makulli ya koma gida har sai an kira shi. Idan za a fita gwajin mota, mutum ɗaya ya tuƙa. In kuwa dole sai su biyu, to a sauke gilasai duka, a kashe na'urar sanyaya mota, kowa da takunkuminsa. Wajen biyan kuɗi, turawa ta waya ya fi, in da hali.

Su ma makanikai da masu faci da masu wayarin da yaransu akwai nauyi a kansu. A ajiye bokiti mai famfo da sabulu a bakin gareji. Fetur da aka saba wanke hannu da shi na cire baƙin mai ne, amma yana busar da fata har ta tsage, kuma ba ya maye gurbin sabulu da ruwa na aƙalla daƙiƙa 20. Man tsabtace hannu, wanda ake so sinadarin barasarsa ya kai kashi 60 cikin ɗari, yana kama wuta, saboda haka a nisanta shi da wurin walda. Zuƙo fetur da baki ta tiyo ɗabi'a ce da ya kamata a daina ɗungurungum. Yaron da ya wayi gari da zazzaɓi kuwa, maigidansa ya sallame shi ya je asibiti.

Bayan an karɓo mota

A buɗe ƙofofi na 'yan mintoci iska ta ratsa. A goge sitiyari, da kan giya, da birkin hannu, da mariƙin ƙofa, da makulli, da tsumma mai ɗan damshin ruwan sabulu. Kada a zuba bilic a kan dashbod ko kujeru domin yana lalata su, kada kuma ruwa ya shiga maɓallan lantarki. Kafin a hau babban titi, a gwada birki a hankali.

Takardar shaidar lafiyar mota

Mai mota ya duba ranar da takardarsa za ta ƙare, ya je wurin jami'an duba motoci tun da sauran lokaci, ba sai ranar ƙarshe da layi ke tsawo ba. Ya tafi da takardunsa a shirye, ya jira a cikin motarsa har a zo kansa. Takardar da aka karɓo ta hannun ɗan kamasho ba tare da an ga motar ba, ba ta tsayar da mota idan birki ya ƙwace.

Kira ga shugabanni

Hakimai da dagatai da masu unguwanni, tare da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na makanikai, su zauna tun ana zaman lafiya su san motocin da ke ɗaukar marasa lafiya a kowace mazaɓa, da makanikin da ke kula da kowace. Idan har an sake kafa dokar kulle, su nema wa waɗannan makanikai da masu sayar da kayan gyara izinin fita daga hukuma, kuma a ba motocin ɗaukar marasa lafiya fifiko a gareji. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani, kuma wannan shiri ya fi sauƙi a yi shi yau da babu annobar da ta tsare mu a gida.