Kawal da Daddawa: Aikin Ƙananan Halittu a Abincin Sudan da na Ƙasar Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk Bahaushe ya san tafasa, ganyen nan da ke fitowa a bakin hanya da damina, wanda ake dafawa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. A yammacin ƙasar Sudan kuwa, wato yankunan Darfur da Kordofan, mata na sarrafa wannan ganye ta wata hanya dabam, su mai da shi abin da suke kira kawal, wanda talaka ke sa wa miya a madadin nama. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da ke faruwa a cikin tulun kawal, da yadda masana a Jami'ar Khartum suka bincike shi, da kuma dangantakarsa da daddawarmu.

2.0 Ma'anar Inzayim

Kalmar inzayim baƙuwa ce a Hausa. Asalinta daga Girkanci ne, ma'anarta "a cikin yisti", kuma wani masani Bajamushe mai suna Wilhelm Kühne ne ya ƙirƙiro ta a shekarun 1870. Inzayim wani sinadari ne da jikin mai rai ke samarwa don ya gaggauta sauya wani abu zuwa wani, ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Kowane iri da aikinsa. Amilas shi ke farfasa sitaci ya koma sukari, furotiyas kuma shi ke farfasa furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da wake.

Akwai misali a gida. In mutum ya daɗe yana tauna tuwo zai ji ya fara zaƙi, domin akwai amilas a cikin yawu. Haka ma mai kunun zaƙi, idan ta zuba niƙaƙƙen busasshen dankali a cikin kunu mai kauri, sai ya tsinke ya yi zaƙi. Amilas na dankalin ne ya yi wannan aiki.

Ƙananan halittu, irin su bakteriya da yisti, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, ba su da baki. Don haka sai su fitar da inzayim zuwa waje, ya narkar da abincin da ke kewaye da su, sannan su tsotse. Wannan ɗabi'a tasu ce mutane suka daɗe suna amfana da ita, tun kafin su san da halittun.

3.0 Yadda Ake Yin Kawal

Ana tsinko ganyen tafasa wajen ƙarshen damina, a tsince shi, a kirɓa a turmi har ya zama kamar ƙulli. Sai a danna shi a cikin tulun ƙasa, a rufe da ganyen dawa, a toshe bakin, a binne tulun a inuwa. Bayan kowane kwana uku ana buɗewa a cakuɗa da hannu, a sake rufewa. In an yi kamar mako biyu, sai a fitar da shi, a cuccura, a shanya a rana. Busasshen kawal baƙi ne, yana da wari mai ƙarfi, kuma yana daɗewa a ajiye bai lalace ba.

4.0 Binciken Jami'ar Khartum

Masanin da ya fi shahara a wannan fage shi ne Farfesa Hamid Ahmed Dirar na Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Khartum, wadda ke Shambat. A 1984 ya buga sakamakon nazarinsa a kan kawal, a 1985 kuma shi da abokan aikinsa suka fitar da ƙarin bayani kan halittun da ke cikinsa. Sun gano cewa bakteriyar da ta fi yawa ita ce wadda masana ke kira Bacillus subtilis. Sun kuma nuna cewa kusan kashi 20 cikin ɗari na busasshen kawal furotin ne. Abin lura shi ne, tsimawar ba ta ƙirƙiro furotin daga babu ba. Tun farko yana cikin ganyen. Aikin inzayim shi ne farfasa shi zuwa ƙananan ɓangarori, waɗanda su ne ke ba miya ɗanɗano mai kama da na nama.

Binciken ya zo daidai da fari da yunwar 1984 zuwa 1985, lokacin da dubban mutane suka baro ƙauyukan yamma suka yada zango a Muwailih, a bayan garin Omdurman. Abincin da 'yan birni ke ƙyama saboda warinsa, shi ne ke riƙe da gidaje da dama a karkara idan hatsi da dabbobi suka ƙare. A 1993 Dirar ya wallafa littafi kan tsimammun abinci na gargajiya a Sudan, inda ya yi bayanin fiye da iri 80, ya kuma nuna cewa mata ne suka ƙago wannan ilimi, su ne kuma ke riƙe da shi.

Daga cikinsu akwai hulu-mur, abin shan buɗa-baki da matan Omdurman da Khartum ke taruwa su shirya tun a watan Sha'aban. Ana yin sa da tsiron dawa. A nan amilas na tsiron ne ke kawo zaƙi, bakteriya kuma su kawo tsami. Sunan kansa Larabci ne, ma'anarsa "mai zaƙi da ɗaci".

5.0 Dangantaka da Daddawa

Mai daddawa tana dafa kalwa, ta cire ɓawon, ta sake dafawa, ta rufe a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku. Binciken da S. A. Odunfa ya yi a Jami'ar Ibadan a farkon shekarun 1980 ya nuna cewa Bacillus subtilis ce ke kan gaba a nan ma. Yauƙin da ake gani da warin da ke tashi duk alamun aikinta ne. Haka kuma abin da 'yan Sudan ke kira furundu, wanda ake yi da 'ya'yan yakuwa, shi ne Bahaushe ya sani da daddawar batso.

6.0 Daga Tulu Zuwa Masana'anta

Abin da mace ke yi a tulu, shi kamfani ke yi a tanki. Ana zaɓen halitta guda, a ba ta abinci, a daidaita mata zafi da iska, sannan a tace ruwan a ware inzayim ɗin. Wani Bajapane mai suna Jokichi Takamine ne ya fara yin rajistar irin wannan sana'a a Amurka a 1894, da maganin narkar da abinci mai suna Taka-Diastase. Tun shekarun 1960 ake sa furotiyas na dangin Bacillus a garin sabulu don cire tabon jini da na miya. A asibiti kuma akwai streptokinase, wanda aka gano a 1933, ana samun sa daga bakteriya, ana kuma yi wa mai ciwon zuciya allurarsa don narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya.

7.0 Kammalawa

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya tarwatsa malamai da ɗalibai, ya kuma lalata gine-ginen jami'o'i da ɗakunan bincike. A watan Agusta 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam da ke Darfur ta Arewa. Wannan ya nuna amfanin rubuta irin wannan ilimi tun masu shi suna zaune a garuruwansu. Aiki ne da ɗalibin harshe zai iya sa hannu a ciki: ya je wurin mai daddawa, ya rubuta matakan sana'arta da kalmomin da take amfani da su, da yadda take gane daddawa ta nuna ko ta ɓaci.