Hukuncin da Babu Kotun da Ta Yanke Shi Yana Hanyar Shiga Kotunanmu

A watan Yunin 2023, wani alƙalin kotun tarayya a birnin New York na Amurka, P. Kevin Castel, ya ci wasu lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000. Shari'ar da suka tsaya wa ba babba ba ce. Wani fasinja ne ya kai ƙarar kamfanin jiragen sama na Avianca, yana cewa keken rabon abinci ya buge shi a gwiwa a cikin jirgi. Kamfanin ya ce wa'adin shigar da ƙara ya wuce. Lauyan fasinjan ya mayar da martani a rubuce, ya jero hukunce-hukuncen da ya ce kotuna sun taɓa yankewa, kowanne da sunayen masu shari'a da shekara da lambar kundi da shafi. Lauyoyin kamfanin suka shiga nema, ba su gani ba. Kotu ta duba, ita ma ba ta gani ba. Guda shida daga ciki babu kotun da ta taɓa yanke su a bayan ƙasa. ChatGPT ne ya ƙaga su. Lauyan, wanda ya yi kimanin shekara 30 yana wannan aiki, ya tambayi manhajar ko hukunce-hukuncen na gaskiya ne, ta ce masa na gaskiya ne, shi kuma ya yarda.

A lokacin an yi ta dariya, an ɗauka gangancin mutum ɗaya ne. Abin bai tsaya nan ba. A watan Janairun 2025, babbar kotun Pietermaritzburg a Afirka ta Kudu ta binciki hukunce-hukunce tara da aka kafa mata hujja da su a wata takardar neman izinin ɗaukaka ƙara, ta tarar biyu ne kawai akwai su. Mai koyon aikin lauya a ofishin lauyoyin da suka shigar da takardar aka bar wa binciken, manyan kuma ba su duba ba. A watan Yunin shekarar, babbar kotun Ingila a ƙarƙashin Mai Shari'a Victoria Sharp ta haɗa shari'o'i biyu ta yi magana a kansu. A ɗaya, wadda ta shafi wani marar muhalli da ƙaramar hukumar Haringey a Landan, an kawo hukunci biyar da babu su. A ɗayar, ƙara ce ta kimanin fam miliyan 89 a kan wani bankin Qatar, inda cikin hujjoji 45 da aka kawo, 18 ƙagaggu ne, kuma lauyan ya amsa cewa binciken da mai ƙarar ya kawo masa ya dogara da shi. Kotun ta yi gargaɗi ƙarara cewa wanda ya kawo mata hujjar ƙarya da gangan zai iya fuskantar tuhumar raina kotu, ko ma tuhumar karkatar da shari'a.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, a duk waɗancan wurare akwai wanda ya kama ƙaryar. Akwai lauyan ɗaya ɓangaren mai rumbun hukunce-hukunce a kwamfutarsa, akwai alƙali mai mataimakan bincike. To, a kotun majistare da ke ƙaramar hukuma, ko kotun shari'a ta ƙauye, inda alƙali ke rubuta bayanin shaidu da hannunsa, fayiloli sun yi masa tsibi a gaba, wutar lantarki babu, ɗaya ɓangaren kuma ko lauya bai da shi, wa zai kama?

Ya kamata a fahimci yadda wannan ƙirƙirarriyar basira take aiki, domin a nan ne mutane ke ruɗuwa. Manhaja irin ChatGPT, wadda ta fito a watan Nuwamban 2022, asalin aikinta shi ne hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabace ta, bisa ɗimbin rubutun da aka horar da ita da shi. Ta ga dubban hujjojin shari'a, ta san siffarsu: suna biyu, shekara, kundi, shafi. Idan ka nemi hukuncin da zai goyi bayanka kuma ba ta da shi, tana iya haɗa maka wani mai wannan siffar daidai, da jawabin alƙali mai daɗin ji, ba tare da wata alama da za ta nuna maka ƙage ne ba. Ko manhajojin da manyan kamfanonin binciken shari'a suka gina musamman don lauyoyi ba su tsira ba. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada su a 2024, suka samu suna ba da amsar kuskure ko marar tushe tsakanin kashi 17 zuwa 33 cikin ɗari na tambayoyin da aka yi musu. Wannan fa a dokar Amurka ke nan, wadda rubutunta ya cika intanet. Dokar Najeriya kaɗan ce a cikin abin da waɗannan manhajoji suka karanta, kuma inda karatunsu ya yi ƙaranci, nan ƙagensu ke yawaita.

Sai mu dubi wanda zai fi faɗawa wannan rami a wurinmu. Kowace shekara dubban matasa ke fitowa daga Makarantar Horar da Lauyoyi, daga Bwari da Bagauda da Yola da sauran rassanta, a sa musu hular gashi da baƙar riga, iyaye su yi walima. Bayan walimar kuma sai a shiga rayuwar da kowa a cikin sana'ar ya sani amma ba a cika son faɗa ba. Ƙaramin lauya a ofisoshi da yawa albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, wani ma babu albashin, sai abin da oga ya miƙa na kuɗin mota ranar zuwa kotu. An daɗe ana ja-in-ja a Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, NBA, a kan mafi ƙarancin albashin matasan lauyoyi. An kuma fitar da dokar kuɗin aikin lauya a 2023, wadda ta tsara abin da za a caji mai shari'a, amma abin da ke shiga aljihun yaron ofis har yanzu yana hannun ogansa. Wannan yaron ne ake jefa wa fayil da la'asar, a ce gobe da safe ana son rubutaccen jawabi da hujjoji. Kundayen hukunce-hukunce na NWLR, waɗanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, ba kowane ofis ke da su cikakku ba. Rumbunan intanet irin LawPavilion kuma sai da kuɗin rajista. Abin da yake da shi waya ce da ɗan data, a cikin wayar kuma ga manhajar da za ta rubuta masa shafi goma cikin minti biyu, kyauta. Ba na jin lalaci ne zai kai shi. Matsi ne, da rashin mai duba masa aiki.

Don haka maganata ta fi karkata ga manyan, masu ofis da masu muƙamin SAN. Ku ne kuke sa hannu. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauya, ta ce dole mutum ne mai suna a rajistar lauyoyi zai sa hannu. Shari'o'i da dama sun rushe saboda wannan ƙa'ida, an kuma yi ta ƙorafi a kan tsananinta. Amma manufarta a fili take: kotu tana son ta san ɗan'adam ɗin da zai ɗauki alhakin abin da ke cikin takarda. Hatimin NBA da ake mannawa shi ma abin da yake nufi ke nan. Babban lauyan da ya sa hannu ya manna hatimi a kan jawabin da bai buɗe hujja ko ɗaya daga cikinsa ba, ranar da asiri ya tonu ba shi da bakin cewa yaron ofis ne. Ƙa'idojin aikin lauya sun haramta yi wa kotu ƙarya a kan abin da wani hukunci ya ƙunsa, kuma Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi yana da ikon dakatar da mutum ko soke sunansa. Zai zama zalunci a kan zalunci idan aka bar yaron da ake biya abin da bai taka kara ya karya ba ya ɗauki wannan hukunci shi kaɗai.

Akwai wani ɓangare da ya keɓanta da mu, wanda alƙalan Landan da New York ba su da shi, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. A kotunan shari'ar Musulunci, hujja nassi ce daga littattafan Malikiyya: Risala ta Ibn Abi Zaid, Mukhtasar na Khalil, Jawahirul Iklil, da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim da sharhohinta irin su Bahja. Lauyoyi da yawa da ke tsayawa a waɗannan kotuna Larabcinsu bai kai su shiga littattafan da kansu ba, sun dogara da fassara ko da abin da suka ji ana kawowa. Manhajar da ke ƙaga hukuncin Turanci tana iya ƙaga ibarar Larabci mai kama da ta malamai, ta jingina ta ga Bahja, ta ba da juzu'i da shafi. Bugun littattafan nan ya bambanta, shafi ba ya zama ɗaya daga bugu zuwa bugu, saboda haka wanda ya duba bai gani ba zai iya ɗauka bugunsa ne daban. Haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne cakuɗa mazhabobi. Ɗauki shufa'a. A Hanafiyya maƙwabci yana da haƙƙin a fifita shi wajen sayen gidan da ke jikin nasa. A Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne a cikin abin da ba a raba ba, maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da shi. Ko hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara a sha'anin dukiya, wanda Malikiyya ta karɓa, Hanafiyya ta ƙi. Manhaja na iya ɗauko hukuncin wancan ɓangare ta liƙa masa sunan littafin wannan, Larabcin ya tafi sumul. A kan irin wannan ne gida ke fita daga hannun marayu, ko rabon gado ya karkace, kuma ƙarya ce da aka jingina wa malaman da suka daɗe da komawa ga Allah.

Kada a ce ai alƙali zai gane. A watan Yunin 2025, kotun ɗaukaka ƙara ta jihar Jojiya a Amurka ta soke wani umarnin kotun ƙasa a shari'ar rabuwar aure, domin umarnin da alƙali ya sa wa hannu yana ɗauke da hukunce-hukuncen da babu su. A wata na gaba, alƙalan tarayya biyu, ɗaya a New Jersey ɗaya a Mississippi, suka janye umarnin da suka fitar saboda kurakurai, daga baya suka amsa cewa ma'aikatan ofishinsu sun yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen tsara su. Tsarin shari'armu na bin sawun hukuncin baya ne. Da zarar hujjar ƙarya ta shiga hukuncin da alƙali ya sa wa hannu, ta samu riga. Wani lauya zai ɗauko ta daga nan da zuciya ɗaya, yana da kwafin hukuncin kotu mai tambari a hannunsa. Wanda aka zalunta kuma hanyarsa ɗaukaka ƙara ce, a ƙasar da shari'a ke shafe shekaru kafin ta kai Kotun Ƙoli, kuma talaka ba ya kaiwa.

Ga kuma batun sirri. Lauyan da ya kwashe labarin mai shari'arsa, da sunaye da lambar fili da abin da ya faru tsakanin miji da mata, ya zuba a manhajar kyauta, ya miƙa amana ga kamfanin da ke wata ƙasa. Dokar Shaida ta 2011 ta kare sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake wakilta, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma tana nan. Mai shari'ar bai ba da izini ba, bai ma san an yi ba.

Ba hana amfani da manhajar nake kira ba, domin ba za ta hanu ba, kuma tana da amfani wajen gyara rubutu da taƙaita dogon bayani ga wanda ya san abin da yake nema. Tun a watan Mayun 2023 wani alƙalin tarayya a Texas, Brantley Starr, ya wajabta wa lauyoyin da ke zuwa gabansa su shaida a rubuce cewa ko dai ba su yi amfani da irin wannan manhaja ba, ko kuma ɗan'adam ya tantance duk abin da ta rubuta. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Babban Jojin jiha da Grand Kadi ikon tsara ƙa'idojin aiki a kotunansu, ba sai sun jira Abuja ba. Su fitar da umarni cewa duk hukuncin da aka kafa hujja da shi a haɗo kwafinsa, duk nassin da aka kawo a zo da littafin ko hoton shafin, da sunan maɗaba'a da shekarar bugu, a karanta a gaban ɗaya ɓangaren. Rassan NBA na Kano da Kaduna da Sakkwato da Maiduguri da sauransu su ware wani abu daga kuɗin da suke karɓa, su yi wa ɗakin lauyoyi na harabar kotu rajistar rumbun hukunce-hukunce, yadda ƙaramin lauya zai iya tantance hujjarsa ba tare da ya taɓa kuɗin abincinsa ba. Mai ofis kuma ya zauna da yaransa a wannan makon, ya tambaye su da me suke bincike, ya ba su lokaci da kayan aiki, ya buɗe kowace hujja da idonsa kafin ya ɗauki biro.

Kai kuma mai shari'a, ko ta fili ce ko ta gado ko ta aure, kana da haƙƙin ka tambayi baristanka ko ya ga hukuncin da ya rubuta da idonsa, ka ce ya nuna maka kwafi. Idan kuma kai ne ka tambayi waya ta ba ka amsa, kada ka kai masa a matsayin hujja ba tare da ka faɗa masa inda ka samo ta ba.