Taimakon Lauya Kyauta: Wa Yake Sa Ido a Kan Aikin?

Unguwar Gamkalle tana bakin kogin Isa, cikin da'ira ta huɗu ta birnin Yamai, dab da unguwar masana'antu. Da yawa daga cikin magidantanta ma'aikata ne: leburori, direbobi, masu gadi da makanikai. Idan irin wannan ma'aikaci ya tsufa, ko ya ji rauni a bakin aiki, ko ya rasu, doka ta tanadar masa da iyalinsa wasu haƙƙoƙi. Amma haƙƙi ba ya zuwa gida da ƙafarsa. Sai an nema, kuma sai da takardu. Wanda bai iya karatu sosai ba yakan miƙa takardunsa ga masanin doka ya tsaya masa. Wannan bayani yana nuna yadda ake sa ido a kan aikin wannan masani, domin kada haƙƙin talaka ya salwanta a hannunsa.

Waɗanne haƙƙoƙi ake nufi?

- Asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965, yana kula da ma'aikatan kamfanoni da na masu zaman kansu waɗanda aka yi wa rajista. Yana biyan kuɗin iyali, da diyyar haɗari ko cutar da aiki ya jawo, da fanshon tsufa, na nakasa, da na magada.
- Asusun CARENI yana biyan fanshon ma'aikatan gwamnati.
- A 2005 da 2006 gwamnati ta ɗauke wa iyalai kuɗin fiɗar haihuwa da kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a asibitocinta.
- A 2011 aka fara shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi, tare da Bankin Duniya. A zangon farko ana ba kowane gida da aka zaɓa jika 10 a wata.

Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar shaida: takardar haihuwa, ta aure, ta rasuwa, ko katin ɗan ƙasa. A nan ne mutane da yawa suke maƙalewa.

Ina ake samun taimako?

Dokar ranar 14 ga Disamba 2011 ta kafa hukumar ANAJJ a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a. Ofisoshinta suna cikin manyan kotunan ƙasar, har da ta Yamai. Taimakon da dokar ta tsara iri biyu ne.

Na farko shi ne shawara: a bayyana wa mutum abin da doka ta ce, a nuna masa ofishin da zai je, a rubuta masa takardar koke. Wannan kyauta ne ga kowa.

Na biyu shi ne tsayawa a gaban alƙali: a ba mutum mai kare shi, gwamnati ta biya. Wannan na marasa hali ne, kuma akan nemi takardar shaidar rashin hali. Akwai kuma waɗanda dokar ta ba wannan dama kai tsaye. Daga cikinsu akwai yara ƙanana, da naƙasassun da ba za su iya kare kansu ba, da matan da aka ci zarafinsu, da matan da suke neman kuɗin ciyarwa, ko rabon gado, ko riƙon ƴaƴa.

Yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune. Saboda haka a sauran jihohi akan naɗa wasu mutane da ba lauyoyi ba, a horar da su, su riƙa kare marasa hali. Ƙungiyoyi irin su ANDDH da Ƙungiyar Mata Masana Doka ta Nijar su ma sun daɗe suna ba jama'a shawara kyauta.

Me ya sa ake bukatar sa ido?

Mu ɗauki misali. A ce wata mata a Gamkalle mijinta ya rasu bayan ya yi shekaru yana aikin direba a wani kamfani. Tana da haƙƙin neman fanshon magada. Amma an ɗaura aurensu a masallaci, ba a rubuta shi a ma'aikatar magajin gari ba. Biyu daga cikin ƴaƴanta ba su da takardar haihuwa. Kafin a karɓi takardunta, sai an je kotu da shaidu, alƙali ya ba da hukuncin da zai tsaya a madadin takardun da babu.

Idan wanda ya karɓi aikin ya ajiye takardun a durowa ya manta, matar ba za ta sani ba. Za ta yi ta zuwa, a ce mata ta dawo mako mai zuwa. Kowane zuwa kuɗin mota ne, kuma yini guda ne na sana'arta ya tafi. Da yake ba ta biya ko dala ba, kunya za ta hana ta yin magana. Mai kuɗi yana iya sauya lauya idan bai gamsu ba. Talaka ba shi da wannan zaɓi. Wannan shi ne dalilin da ya sa aikin kyauta ya fi kowane aiki bukatar mai dubawa.

Haɗari mafi girma shi ne wa'adi. Doka takan yanke kwanakin da za a kai koke ko a ɗaukaka ƙara. Alal misali, mai ba da aiki yana da sa'o'i 48 ya sanar da haɗarin da ya auku a wurin aiki. Idan wa'adin ƙara ya wuce, mai gaskiya ma yana iya rasa haƙƙinsa.

Su wa suke sa ido?

1. Ƙungiyar Lauyoyin Nijar. Shugabanta, wanda ake kira Batoniye, shi yake karɓar ƙorafi a kan lauya. Lauyan da aka samu da laifi ana iya yi masa gargaɗi, ko a dakatar da shi, ko a soke sunansa daga aikin baki ɗaya.
2. Babban lauya mai horarwa. Sabon lauya yakan fara aiki a ofishin wanda ya riga shi, kuma wannan babba shi yake duba aikinsa.
3. Hukumar ANAJJ. Ita take tafiyar da tsarin taimakon, kuma a ofishinta ake rubuta waɗanda suka nemi taimako da waɗanda aka ba.
4. Jagoran ofishin shawara na ƙungiya, wanda yake bin sawun ma'aikatansa da ƴan sa-kai.
5. Mai haƙƙin kansa, da danginsa, da mai unguwa.

Abin da mai sa ido nagari yake dubawa

- Kowane mai koke yana da jakar takardunsa, da lamba, da ranar da aka buɗe ta.
- An rubuta kowane wa'adi a littafi guda, kuma ana duba littafin kowane mako.
- An bi matakai daki-daki. Rigimar ma'aikaci da mai gidansa takan fara ne a wurin sufeton ƙwadago domin sulhu, kafin a kai ta kotun ƙwadago.
- An yi wa mai koke bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Zabarmanci ko wani, ba Faransanci kaɗai ba.
- Ba a ɗora wa mutum guda ƙararrakin da suka fi ƙarfinsa ba.
- Ba a karɓi kuɗin aiki daga wanda aka ba taimakon kyauta ba.
- An rufa asirin mai koke. Lauya ba ya fitar da abin da aka gaya masa a amana.

Sa ido ba neman laifi ba ne kawai. Sau da yawa ma'aikacin yana da niyya mai kyau, aiki ne ya yi masa yawa, ko kuwa bai san dokar fansho sosai ba. Mai dubawa nagari yana zama da shi, su karanta takardun tare, ya gyara masa kuskure tun bai kai gaban alƙali ba.

Abin da za ku iya yi da kanku

- Ku rubuta sunan wanda ya karɓi takardunku, da ofishinsa, da ranar. Wanda yake koyon rubutu, ga wurin da zai amfana da shi.
- Ku riƙe kwafin kowace takarda a gida, cikin leda, nesa da ruwa da gara. Idan kun ba da ta asali, ku karɓi rasit.
- A kowane zuwa ku yi tambayoyi uku: Me aka yi tun zuwana na baya? Me ya rage? Yaushe wa'adi zai cika? Matambayi ba ya ɓata.
- Idan an nemi kuɗi, ku tambayi na mene ne. Kuɗin tambari na hukuma daban, ladan lauya daban.
- Idan kun ga an daɗe babu motsi, ku je wurin shugaban ofishin cikin ladabi. Idan lauya ne, ku kai koke a rubuce ga Batoniye.
- Ku rubuta aure, haihuwa da rasuwa a kan lokaci. Ma'aikaci kuma ya nemi lambar rajistarsa ta CNSS tun yana da lafiya, ya nuna wa iyalinsa inda ya ajiye ta.

Taimakon da ake ba marar hali ba sadaka ba ce daga aljihun lauya. Doka ce ta tanade shi. Wanda ya tambayi inda takardunsa suka kwana bai yi butulci ba, haƙƙin ƴaƴansa yake karewa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne takardu ne kowane gida ya kamata ya mallaka? Nawa ne daga cikinsu muke da su?
2. Me yake hana mutane yin ƙorafi idan aikin kyauta ya yi jinkiri?
3. Wa za mu iya zaɓa a unguwarmu ya riƙa raka tsofaffi da matan da mazansu suka rasu zuwa ofisoshi?