Ciwon suga: me ya sa na maza da na mata ba ɗaya ba ne?

Idan kun ji an ce kumburi, wataƙila ƙurji ko targaɗe ne zai faɗo muku a rai. To, akwai wani kumburin da ba ya ciwo, ba a kuma ganinsa. A cikin kitsen jiki yake ruruwa a hankali, kuma yana da hannu a nau'i na biyu na ciwon suga.

Aikin insulin shi ne ya sa tsoka da hanta su kwashe suga daga jini. Idan kitse ya yi yawa, ƙwayoyin garkuwar jiki sukan taru a cikinsa suna fitar da sinadaran kumburi, sai sassan jiki su riƙa yi wa insulin kunnen ƙashi, suga ya maƙale a jini. A 1993 ne wasu masu bincike na Jami'ar Harvard a Amurka suka nuna wannan alaƙa a jikin ɓeraye masu ƙiba.

Ina bambancin yake? A wurin da kitsen ya zauna. Namiji ya fi tara shi a cikin ciki, kewaye da hanji, wato tumbi. Wannan kitsen ya fi saurin kumburi, kuma abin da yake fitarwa kai tsaye hanta yake nufa. Mace kuwa, sinadarin istirojin yakan tura mata kitse ƙarƙashin fata, wajen ƙugu da cinyoyi, inda illarsa ba ta kai haka ba. Shi ya sa ciwon kan kama maza tun ƙibarsu ba ta kai ta mata ba.

Amma fa kada ki saki jiki. Da zarar jinin al'ada ya ɗauke, istirojin ya ragu, sai kitsen ya fara komawa ciki. Sannan idan ciwon ya riga ya kama mace, yakan ɗaga haɗarin ciwon zuciyarta fiye da yadda yake ɗaga na namiji. Wadda suga ya taɓa hau mata lokacin goyon ciki ma tana cikin haɗari daga baya.

Don haka sikeli kaɗai bai isa ba. Ku sami tef ɗin tela ku auna zagayen cikinku. Idan ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, ku je a gwada muku suga.