Ƙwaya da araha, magani da tsada: Matsayin inshorar lafiya a jinyar masu shaye-shaye

A watan Janairun 2019 aka fitar da rahoton bincike mafi girma da aka taɓa yi kan shan miyagun ƙwayoyi a Najeriya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta yi aikin tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka, Tarayyar Turai kuma ta ɗauki nauyi. Rahoton ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abin maye, ban da giya da taba, a cikin shekara guda. Miliyan 10.6 sun sha wiwi, miliyan 4.6 sun sha ƙwayoyin kashe ciwo irin su tramol ba bisa umarnin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari mai sa maye. A jihar Kano kaɗai adadin ya haura miliyan ɗaya. Cikin kowane mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce.

Waɗannan alƙaluma sun yi ta yawo a jaridu da gidajen rediyo. Akwai wasu guda biyu da ba a cika ambata ba, alhali su ne suka fi shafar iyaye. Na farko, kusan mutum miliyan 3 shan ya riga ya zame musu cuta, ba sa iya dainawa da kansu. Na biyu, cikin waɗanda suka fi nisa a shan, kusan kashi 40 cikin 100 sun ce suna son magani amma ba su samu ba, kuma tsadar jinya na cikin manyan dalilan da suka bayar, tare da jin kunya da rashin wurin zuwa. Ke nan akwai ɗimbin mutanen da suka riga suka yanke shawarar tuba, kuɗi ya tare musu hanya. Nan ne maganar inshorar lafiya ta shigo.

Abin da ya sa jinyar take da tsawo

Wanda bai taɓa jinyar mai shaye-shaye ba yakan ɗauka cewa raba shi da ƙwayar na mako ɗaya ko biyu ya wadatar. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san ba haka abin yake ba. Ƙwayoyin maye suna sa ƙwaƙwalwa ta fitar da sinadarin jin daɗi, wanda ake kira dofamin, fiye da yadda abinci ko hira da masoyi za su iya. Da tafiya ta yi nisa sai ƙwaƙwalwar ta rage karɓar wannan saƙo, mai sha ya buƙaci ƙari kafin ya ji abin da yake ji a da. Daga nan kuma jiki ya saba, har ya kai idan babu ƙwayar sai ciwon gaɓoɓi, gumi, amai, zawo, rashin barci da baƙin rai su taso. A wannan mataki mutum ba daɗi yake nema ba, gudun azaba yake yi. Wanda ya daɗe yana shan ƙwayoyin barci irin su roci ko diyazafam, ko giya mai yawa, idan aka yanke masa farat ɗaya yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Shi ya sa matakin farko, wato fitar da ƙwayar daga jiki, yake buƙatar idon likita.

Wannan mataki kwanaki ne ko makonni kaɗan. Babban aikin yana bayansa: zama da masu ba da shawara, koya wa mutum yadda zai kauce wa abokai da wuraren da ke tada masa sha'awa, duba ko akwai ciwon damuwa ko taɓin hankali a ƙarƙashin shan, sasanta shi da iyalinsa, da sama masa abin yi. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta daɗe tana cewa jinyar da ba ta kai wata uku ba amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma aƙalla sau ɗaya. Wannan adadi bai yi nisa da na masu hawan jini ko asma da ciwonsu ke dawowa ba, kuma ba wanda ke korar mai hawan jini daga asibiti don jininsa ya sake hawa.

Ga masu shan dangin tramol da kodin da hirowin akwai magunguna na musamman, metadon da bufurenofin, waɗanda ke kwantar da ƙishirwar ƙwayar ba tare da sun bugar da mutum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su cikin jerin magunguna masu muhimmanci tun 2005. Ana shan su watanni, wani lokaci shekaru.

To sai a haɗa lissafi: kuɗin gado, abinci, gwajin fitsari da na jini, magani, ganin likita, kuɗin mota zuwa asibitin da ke wani gari, ga kuma aikin da majinyaci da mai jinyarsa suka bari. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Arewa, irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, da asibitin Dawanau a Kano, ba su isa yawan masu buƙata ba, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar ba su kai 300 ba. A cibiyoyin kuɗi na Abuja da Legas kuwa, jinyar wata guda takan ninka mafi ƙarancin albashi, wato naira 70,000, sau da yawa. Duk wannan a ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun majinyata yake fitowa.

Ƙofofi huɗu da ke rufe

Manufar inshora mai sauƙi ce: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Jama'a da yawa suna zuba kaɗan-kaɗan, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusun. Shi ya sa a Kano ake kiran tsarin taimakekeniyar lafiya. Sai dai kowane tsari yana da kundin ƙa'idoji da ke faɗin ciwon da za a biya da wanda ba za a biya ba, kuma a nan mai shaye-shaye yake cin karo da ƙofofi huɗu.

Ƙofa ta farko ita ce shiga tsarin tun asali. An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma har yau waɗanda ke da inshora ba su kai kashi 10 cikin 100 na 'yan ƙasa ba, kuma ma'aikatan gwamnati da na manyan kamfanoni ne suka fi yawa a ciki. Direban babbar mota, lebura, ɗan acaɓa da matashin da ba shi da aiki, waɗanda tramol ta fi yi wa ɓarna saboda neman ƙarfin aiki ko mantuwa da damuwa, galibinsu suna waje.

Ta biyu ita ce shekaru. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Binciken nan da muka ambata ya nuna cewa shan ya fi yawa tsakanin 'yan shekara 25 zuwa 39. Wato lokacin da matsalar ta fi bayyana a jikin yaro, ya riga ya fita daga katin mahaifinsa, shi kuma bai sami aikin da zai ba shi nasa ba.

Ta uku ita ce jerin abubuwan da aka keɓe. Kundin ƙa'idojin tsarin ƙasa na 2012, wanda aka yi shekaru ana aiki da shi, ya amince da jinyar wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, amma ya sanya shan ƙwaya da kamuwa da ita cikin abubuwan da ba a biya ko kwabo, a jeri ɗaya da raunin da mutum ya ji a wasanni masu haɗari. Kamfanonin inshora masu zaman kansu da dama ma suna da irin wannan sharaɗi. Tunanin da ke bayansa shi ne mutum ya jawo wa kansa. Amma wannan hujja ba a yin aiki da ita a kan mai ciwon huhu da ya sha taba, ko mai ciwon suga da ya ƙi bin dokar abinci. Sakamakonta kuma shi ne asusun yakan biya kuɗin ɓarnar da shan ya haifar, kamar karaya a haɗarin babur ko ciwon hanta, ya bar tushen ciwon yana nan. Tana kuma tura iyali su ɓoye wa likita gaskiya don gudun kada a ce ba a biya.

Ta huɗu ita ce kwanaki da takardu. Kundin ya iyakance kwanciyar asibiti zuwa kwana 21 a shekara, abin da bai kai ko kashi ɗaya cikin uku na wata ukun da ake buƙata ba. Kafin a ga likitan ƙwaƙwalwa kuma sai ƙaramin asibitin da mutum ya yi rajista ya tura shi, kamfanin inshorar da ke tsakiya ya ba da lambar izini. Mai shaye-shaye da ya yarda yau a kai shi asibiti, ba lalle ne ya yarda jibi ba.

Inda talaka ke komawa

Iyayen da aka rufe wa waɗannan ƙofofi ba sa zama su naɗe hannu. Suna neman abin da aljihunsu zai iya, shi ne gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan nan aka sami irinsa a Daura. Da dama cikin waɗanda aka samu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, saboda shaye-shaye. Ba ƙiyayya ce ta sa su ba. An rufe gidajen, wanda daidai ne, amma ba a buɗe wa iyayen wata hanya da za su iya biya ba. Haka aka yi a watan Mayun 2018 lokacin da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC: an toshe kwalba, amma waɗanda jikinsu ya riga ya saba sai suka koma wa wani abin.

Abin da Amurka ta gwada

Amurka ta daɗe da irin wannan wariya a inshorarta. A 2008 aka sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunan sanatoci biyu, Paul Wellstone da Pete Domenici, wadda ta ce idan tsarin inshora ya ɗauki jinyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, haramun ne ya sa musu sharaɗin da ya fi na sauran cututtuka tsanani, ko a yawan kwanaki ko a kason da majinyaci zai biya. A 2010 dokar lafiya ta zamanin Obama ta sanya wannan jinya cikin abubuwa goma da dole ƙananan tsare-tsare da na ɗaiɗaikun mutane su ɗauka, ta hana a ƙi mutum saboda ciwon da ya zo da shi, ta kuma bar yaro a katin iyayensa har shekara 26.

Dokokin ba su kawo ƙarshen matsalar ba. Sama da mutum 100,000 ƙwaya ta kashe a ƙasar a 2021, haka ma a 2022. Kamfanoni sun ci gaba da jan ƙafa ta hanyar neman izini kafin jinya, kuma a jihohi irin su Fulorida an sami cibiyoyin bogi da dillalan majinyata da ke wawurar kuɗin inshora, har sai da aka yi dokar hana wannan dillanci a 2018. Darasin biyu ne: a rubuta haƙƙin cikin doka, sannan a sa ido sosai kan wanda ake biya. Cibiyar binciken da muka ambata ta ƙiyasta cewa kowace dala ɗaya da aka kashe a jinya tana rage asarar dala 4 zuwa 7 ta fuskar laifuka da shari'a kaɗai.

Abin da ya rage a yi

Najeriya tana da dokokin da za ta gina a kai. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusun marasa galihu da aka ce zai ɗauki mutum miliyan 83. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don jinyar matakin farko. A Janairun 2023 kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa.

Abin da ake buƙata shi ne hukumar NHIA da hukumomin taimakekeniya na jihohi su rubuta jinyar shaye-shaye ƙarara cikin abin da suke biya, tun daga tantancewa a ƙaramin asibiti, zuwa fitar da ƙwaya daga jiki, magani, da zaman shawara na watanni, wanda mafi yawansa ba ya buƙatar kwanciya, don haka ba zai karya asusun ba. A ɗaga shekarun 'ya'yan da ke ƙarƙashin iyaye. A biya cibiyoyin da aka tantance kaɗai. Hukumomin zakka da waƙafi da masu hannu da shuni su riƙa sayen katin shekara ga matasan unguwanninsu. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA tana ƙoƙari wajen kama dillalai, amma kamu ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu.

Kai kuma mai karatu, idan kana da katin inshora, nemi jerin abubuwan da aka keɓe ka karanta tun kafin buƙata ta taso, ka tambayi ƙungiyar ma'aikatanku da ɗan majalisarku me ya sa wannan ciwo bai kamata ya shiga ba. Idan kuma akwai mai wannan lalura a gidanka, kada ka ɗaure shi, kada ka yanke masa ƙwaya da ƙarfi kai kaɗai. Kai shi asibiti, ka faɗa wa likita gaskiya. Ciwo ne da ke da magani, kuma wanda yake son ya daina ya cancanci al'umma ta taya shi biyan kuɗinsa.