Gwaggo: Ta'aziyyar Uwar Da Ba Ta Haife Mu Ba

Idan babban mutum ya rasu a ƙasar nan, shafukan jaridu kan cika da ta'aziyya, a jero muƙaman da ya riƙe da ƙasashen da ya taka. Amma akwai wasu bayin Allah da ke barin duniya kullum a ƙauyukanmu, babu sanarwa a rediyo, alhali kuwa a gadon bayansu aka goyi waɗancan manyan. Yau ina roƙon mai karatu ya ba ni aron wannan fili, in tuna da ɗaya daga cikinsu, wato Gwaggona, yayar mahaifina, wadda Allah Ya yi wa cikawa a daminar da ta wuce, a wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Dawakin Tofa da Bichi. Ba zan ambaci sunanta ba, domin ko tana raye bakina bai taɓa iya faɗarsa ba.

Ni ɗan fari ne, kuma duk Bahaushe ya san alkunyar da ke tsakanin uwa da ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta nuna kulawa da shi a gaban jama'a. Saboda haka ana yaye ni Gwaggo ta aiko aka kai mata ni. Ta haifi nata, amma baƙon dauro bai bar mata ko ɗaya ba. Maimakon ta zauna zaman baƙin ciki, sai ta mayar da ɗakinta mafakar 'ya'yan dangi. Mu bakwai ta riƙa, maza da mata, har da marayan da babu jini tsakaninta da shi. Sai da na yi wayo sosai na gane cewa ba ita ta haife ni ba.

Gwaggo ba ta san shekarar haihuwarta da lissafin boko ba, da abubuwan da suka faru take ƙirga kwanakinta. Takan ce an kai ta ɗakin miji a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, wato 1956. Ta ga zamanin dalar gyaɗa, lokacin da jakuna ke jerin gwano zuwa wurin awo. Ta ga ranar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973, ta kuma ga farin da ya auku a wannan shekarar, sa'ad da rumbuna suka ƙone ƙurmus. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa ta nannaɗe ganyenta, daga nan noman gyaɗa bai sake komawa yadda yake ba a ƙasar Kano. Haka kuma ba ta taɓa mantawa da 1979 ba, shekarar da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, domin ta sha ganin magidanta sun sayar da akuyar gida saboda tsoron kunyar dagaci.

Wanda bai san wannan yanki ba zai yi mamakin yadda jama'a masu yawa haka ke rayuwa a kan 'yan ƙananan gonaki. A nan gona na manne da gona, babu saura, babu daji, kowace shekara ana noma fili ɗaya ba hutu. Wani Baturen masani, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa sirrin shi ne taki da aiki tuƙuru: a kai itace birni a kan jaki, a dawo da mangalar taki, a haɗa gero da dawa da wake a gona guda, a bar gawo da ɗorawa da kuka suna tsaye a tsakiyar shuka. Abin da zan ƙara a kan wannan shi ne, babban kaso na takin nan daga turken mata yake fitowa. Awakin Gwaggo da tumakinta su ne suka riƙe gonar mijinta shekara da shekaru. Da damina tana ɗaure su ana yanko musu ciyawa, da rani a ba su harawa, kashinsu kuwa ko ƙwaya ba ta yarda a zubar.

Tana cikin kulle, ba ta zuwa kasuwa, amma kasuwa ce ke zuwa wurinta. Kafin assalatu ta tashi, ta soya gyaɗa, a kai niƙa, ta matse mai, ta murza ƙuliƙuli. Idan ɗorawa ta nuna ta dafa kalwa ta yi daddawa. Da dare ga abawa tana kaɗi, mu kuma muna kewaye da ita muna sauraron tatsuniya. Daga ribar nan take zubin adashi, ta yi biki, ta tara kwanukan auren 'yan matan da ke hannunta. A shekarar fari, sai da ta sayar da tasoshin da ta gada a wurin mahaifiyarta ta auno dawa, ta riƙa dama kunu a babbar tukunya, duk yaron da ya shigo gidan da ƙoƙonsa ba ya fita haka nan.

Lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, iyaye da yawa a yankinmu sun ɓoye 'ya'yansu. Gwaggo ba ta iya karanta ko harafi ɗaya na boko ba, amma ta tsaya kai da fata cewa sai an rubuta sunana, da sharaɗin ba zan bar makarantar allo ba. Dalilinta a fili yake: ta ga yadda gonar kakanmu ta rarrabu a wajen rabon gado, ta kuma lissafa cewa idan aka sake raba ta a tsakaninmu, kowa ba zai sami abin da zai ciyar da iyali ba. Da kuɗin ƙuliƙuli aka ɗinka mini rigar makaranta ta farko.

Jama'a, abin da ke damuna a yau ya wuce rashin mutum ɗaya. Riƙo, wanda shi ne ya hana maraya sanin maraici a ƙasar Hausa, yana ta ja da baya. Kowa ya ja nasa ya rufe ƙofa. Injinan matsar mai sun karɓe sana'ar da tsofaffinmu ke rufa wa kansu asiri da ita. Birni kuma yana ta cin gonaki ta wajen Dawanau, ana yanka su fuloti-fuloti. Tsohuwar da ba ta da ɗan cikinta, idan babu riƙo, babu sana'a, babu gona, wa zai dube ta? Gwaggo ta ci sa'a, waɗanda ta goya sun kewaye ta har ranar da ta cika. Akwai ire-irenta da yawa da ba su sami haka ba, kuma haƙƙinsu yana wuyanmu, ba sai mun jira gwamnati ba.

Sai kuma batun tarihi. A tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954 da sunan Baba of Karo. Har gobe masana na dogaro da shi wajen sanin rayuwar matan Hausawa. Kusan kowane gida a karkarar Kano yana da tsohuwa mai irin wannan taska a ƙirjinta. Ina kira ga ɗalibanmu da malaman sassan Hausa da tarihi, da ma duk wanda ke da waya a aljihu, ya je ya durƙusa gaban kakarsa ko gwaggonsa ya ɗauki abin da ta sani tun da sauran lokaci.

Hausawa na cewa alheri gadon barci ne. Allah Ya sa Gwaggo ta tarar da nata a shimfiɗe, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya saka mata da Aljannar Firdausi, tare da dukkan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, amin.